Duk Sanda Yaya Ya Taka Birki

Yayana direban babbar mota ne. Ya shafe shekaru yana ɗaukar hatsi da albasa zuwa kudu, sai wata rana da hantsi wata ƙaramar mota ta faɗo masa daga kwana. Ya taka birki, motarsa ta murɗe ta kife a gefen titi. Abokin tuƙinsa da suke karɓa-karɓa, wani dattijo mutumin Kademi da ke barci a bayansa, nan take ya cika. Yaya ya tsira da ransa, amma ƙafarsa ta hagu sau biyu aka yi mata aiki, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Aka dawo da shi gidanmu na Gafasa, wajen Inna da matarsa, ya shige ɗaki ya zauna. Wata bakwai ko zaure bai leƙa ba.

Ni ce autarmu. Ina aure a Gaya, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Duk Asabar maigidana yakan ɗauke ni a babur mu je mu duba shi. Na sha tarar da shi zaune a bakin gado yana kallon bango, hannunsa na dama yana motsi a kan cinyarsa kamar mai canja giya, shi kansa bai san yana yi ba. Daga nan na fara tunanin haɗa masa kwamfutar da zai riƙa wasan tuƙin babbar mota.

Da kaina na haɗa ta, da kayan da aka taɓa amfani da su. Akwatin na wata tsohuwar kwamfuta ne da aka jingine. Katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ake gani a wasan, daga Kano aka kawo mini shi, tare da sitiyari da abin takawa mai totur da birki. Na yi mako biyu ina gwada ta a falona, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ranar da muka kai ta Gafasa muka ɗora a kan teburin ɗakinsa, muka jona da solar gidan, Yaya kallo ɗaya ya yi mata ya kau da kai.

"Auta, abin yara kika kawo mini?"

"Ka dai taɓa sitiyarin, Yaya. In bai yi maka ba sai in mayar."

Bai taɓa ba sai da muka tafi. Bayan kwana uku matarsa, wadda nake kira Anti, ta buga mini waya tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun safe yake kan hanya, har ya yi mata faɗa don ta gitta ta gabansa yana shirin shan kwana. Ta ce ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Haka aka yi kusan mako uku. Sai wata Talata, ina cikin aji, wayata ta yi ta ruri a jaka. Da na fita na ɗaga, muryar Anti ce tana rawa.

"Ki zo. Abin nan ya tsaya, shi kuma ban san me ya same shi ba."

Na nemi izini na hau adaidaita. Da na shiga ɗakin, ƙara ce ta fara tarata, irin ta inji da ya maƙale a kan sauti guda, rrrrr, ba ta hawa ba ta sauka. Hoton ya ƙame a fuskar kwamfutar: titi, da wata farar mota ta sako kai gaban motar Yaya, saura kaɗan su haɗu. Yaya yana zaune a kujera, hannuwansa biyu damƙe da sitiyarin, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Kofin shayinsa yana ƙasa a fashe. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana ta salati. Anti ta ce tun da abin ya faru babu wanda ya iya taɓa wayar wutar, shi kuma ya ƙi sakin sitiyarin.

Na danne maɓallin kashewa har ƙarar ta ɗauke. Sai da ɗakin ya yi tsit sannan ya saki hannunsa, yatsun sun ƙi miƙewa.

"Ba komai ba ne, Yaya," na ce. "Zafi ta ɗauka. Kwamfuta takan yi haka."

Ya ja sandarsa ya koma gado ya juya mana baya.

A lokacin na yarda da abin da na faɗa. Tsakiyar bazara ce, ɗakin rufin kwano ne ba silin. Na buɗe akwatin na goge fankokin ciki, na kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar na shafa sabo, na sa Anti ta kawo fankar tebur aka saita ta daidai akwatin. Na zauna na yi tuƙi na kusan awa guda, ina duba ma'aunin zafi lokaci-lokaci. Bai wuce ƙa'ida ba. Na ce musu an gama, na koma gida da sanyin zuciya.

Kwana biyu Yaya bai kusance ta ba. A na uku ya zauna, kafin azahar ta sake ƙamewa.

Wannan karon na ɗauko ta gaba ɗaya zuwa Gaya. Na cire sandunan ram guda biyu da ke ciki, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, na goge bakinsu, na gwada kowanne shi kaɗai. Duka lafiya lau. Na share komai na sake zuba manhaja da wasan daga farko. Kwana biyar duk sanda na dawo daga makaranta sai in zauna in yi ta tuƙi har la'asar ta wuce, girki ma sai maigidana ya tuna mini. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Sai na ce to ashe wutar Gafasa ce, wataƙila inbatar solar ce ke sakin wuta idan firjin Inna ya tashi. Maigidana ya cire na'urar daidaita wuta da ke jikin talabijin ɗinmu ya ce in kai musu. Muka mayar da kwamfutar, na jona ta ta cikin na'urar, na roƙi Inna a riƙa kashe firjin idan Yaya yana wasa. Ta yarda, amma ba da daɗin rai ba.

Kwana huɗu aka samu. Ran na biyar Anti ta kira, ba ta ma yi sallama ba.

"Ta kuma. Firji a kashe yake tun asuba. Jiya da yau bai ci komai ba."

Da na iso, Inna ce ta tare ni a tsakar gida kafin in kai ɗakin. Tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba.

"Ki kwashe abin nan ki fitar mini da shi daga gida."

"Inna, gyara kawai take bukata."

"Sau nawa kika gyara? Da can shiru kawai yake yi, yanzu firgita yake cikin barci. Kin san abin da ya faɗa wa matarsa? Wai ko a wasa ba a yarda ya wuce wurin hatsarin nan ba." Ta ajiye farantin. "Ke kika yi boko, ni ban yi ba. Amma abin da ke zaɓar lokacin da zai tsaya, ban yarda inji ne kawai ba."

Ban gane abin da take nufi da zaɓar lokaci ba sai da na shiga wajen Yaya. Yana kwance, idonsa a buɗe. Na zauna a kan tabarma na tambaye shi ya gaya mini daidai abin da yake yi duk sanda ta tsaya.

"Sau huɗu ke nan," ya ce daga baya. "Biyu kika sani, ɗaya ban bari an gaya miki ba, ga na yau. Zan yi tafiyar awa biyu, uku, ba abin da zai faru. Amma da zarar mota ta faɗo mini na taka birki, a nan take tsayawa. A nan kawai. Ba ta taɓa tsayawa a wani wuri ba."

Na ce masa wataƙila idan motoci suka matso kusa, aiki ne ke yi wa katin hoton yawa. Na tashi na kunna, na zauna a kujerarsa, na shiga titi mai cunkoso. Da gangan na riƙa matse motocin gabana ina taka birki. Sau goma, sau ashirin. Har na daki wata motar ta baya. Wasan ya ci gaba abinsa kamar ba a yi komai ba.

Na juya sai na ga ya tashi zaune yana kallo.

"Kin gani?" ya ce a hankali. "Ke ba ta yi miki. Ni take yi wa."

Ban taɓa jin kunyar ilimina irin ta ranar ba. Na kawo abu don in sauƙaƙa masa, ga shi na zama sanadin da yake ganin kamar ana bibiyarsa da laifin mutuwar mutum. Kuma na san idan na kwashe kwamfutar a haka, da wannan tunanin zan bar shi, ba mai iya cire masa shi. Na fita na durƙusa gaban Inna na roƙe ta ta ba ni zuwa Asabar. Ta ce Asabar ɗin, in an yi sallar la'asar ban gano ba, da hannunta za ta fitar da ita zaure.

Kwanakin nan uku ban koyar da abin kirki ba. Ina rubutu a allo ina lissafa abin da ban gwada ba. Zafi ba shi ba ne, ram ba shi ba ne, wuta ba ita ba ce, manhaja sabuwa ce. Kwamfuta ɗaya, wasa ɗaya, ɗaki ɗaya, kujera ɗaya. Abin da ya bambanta kawai shi ne wanda ke zaune. Har na kai ga tambayar maigidana ko yana ganin maganar Inna tana da ƙamshin gaskiya. Ya ce shi dai bai san kwamfuta ba, amma da babur ɗinsa ne ke mutuwa a hannun mutum ɗaya kawai, zai tsaya ya kalli yadda mutumin yake tuƙa shi. Sai na tuna cewa tun da aka fara wannan abu ban taɓa ganin Yaya yana wasan da idona ba. Kullum bayan ta tsaya ake kirana.

Ranar Asabar muka isa da hantsi. Na shiga na gaya masa abin da nake so, ina jin nauyin kowace kalma.

"So nake ka tuƙa, Yaya, ina nan zaune. Har ta tsaya."

"Ki ce in koma wurin da gangan."

"Eh."

"Kin san abin da nake gani idan ta tsaya?"

"Ban sani ba. Amma idan ban ga yadda take tsayawa ba, ba zan iya gaya maka dalili ba."

Anti da ke bakin ƙofa ta ce don Allah in bar shi haka. Ya ɗaga mata hannu. Ya jawo sandarsa, ya taka zuwa kujera, ya miƙar da ƙafar hagun gefe kamar yadda ya saba, ya ɗora ta daman a kan abin takawa. Ni kuma na cire murfin gefen akwatin, na zauna a ƙasa dab da teburin, na haska cikinsa da fitilar wayata. Na yanke shawarar ba zan kalli wasan ba ko kaɗan.

Ya yi bismilla ya tayar da mota.

Ban san tuƙi yana da tsawo haka ba sai ranar. Minti ashirin, rabin awa, ba abin da nake ji sai gurnanin injin wasan da numfashinsa. Wuyana ya ƙage, hannun da na riƙe waya da shi ya gaji, na canja hannu. Fankoki suna juyawa lafiya. Inuwar Inna ta gitta ta taga sau biyu. Aka kira azahar, muka tsaya muka yi salla, ba wanda ya yi maganar abinci, muka koma. Zufa tana gangaro mini ta cikin hijabi. Na fara addu'ar Allah ya sa ta tsaya, sai kuma na ji tsoron abin da nake roƙa.

Wajen ƙarfe uku na ji numfashinsa ya canja. Ya ce, "Kai! Kai!" da wata murya da ban san shi da ita ba. Sai na ji dum a gefen gwiwata.

Da dukkan ƙarfinsa ya taka birkin, har ya ɗaga daga kujera, irin takun wanda ke son tsayar da mota mai ɗauke da buhu ɗari uku. Abin takawar ya zame a kan siminti ya daki ƙafar teburin. Teburin ya girgiza. A cikin hasken fitilata na ga katin hoton, dogo mai nauyi, ya yi ƙasa ya dawo kamar an danna reshe. A daidai wannan lokacin ƙarar nan ta cika ɗakin, rrrrr.

Na kashe ta da sauri. Yaya ya kife kansa a kan sitiyarin, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta faɗo ɗakin.

"Shi ke nan! Ya isa haka!"

"Inna, na gani. Wallahi na gani. Ki ba ni minti biyar."

Na taɓa katin da yatsa, ya motsa. Sai na tuna. Ranar da nake haɗa ta, katin ya fi ƙarfin tsohon akwatin, ramin notin da zai riƙe shi bai zo daidai ba. Na danna shi ya shiga mazauninsa, na ga ya zauna, na bar shi ba noti. Daga baya kuma na yi ta yawo da ita a babur tsakanin Gaya da Gafasa. Ni da nake taka birkin da ɗan yatsan ƙafa kamar mai taka keken ɗinki, ina zan girgiza tebur?

Amma na san faɗa da baki ba zai wadatar ba. Na sake kunna ta, na shiga wasan, na ajiye motar a gefen titi inda ba kowa, na kashe injinta.

"Yaya, ɗago ka duba. Mota a tsaye take, ba abin da ke gabanta. Ka cire ƙafarka daga birkin."

Ya ɗago, idanunsa jajur. Na tashi na yi wa ƙafar teburin shuri. Ba abin da ya faru. Na sake, wannan karon da ƙarfin da sai da babban yatsana ya yi tsami. Hoton ya ƙame, ƙarar ta tashi.

Na kashe na kunna, na sake ajiye motar.

"Yanzu kai ka yi. Da sandarka."

Ya dube ni, ya dubi teburin. Ya ɗaga sandar ya maka wa ƙafar teburin. Ta ƙame. Ya ce in sake kunnawa. Ya sake makawa, ta sake ƙamewa. Sau uku ya sa na yi haka.

"Noti," ya ce. "Noti ɗaya."

"Laifina ne, Yaya. Ni ban ɗaura ba."

Inna ta dube ni irin kallon da take yi mini ina ƙarama idan na bar tukunya ta ƙone, ta juya ta fita.

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Na zare katin, na goge bakinsa, na mayar da shi har na ji ya kama. Tun da ramin notin bai dace ba, maigidana ya huda sabo da ƙusa muka ɗaure, ya yanko guntun katako muka tokare katin ta ƙasa. Muka sauke akwatin daga teburin muka ɗora shi a kan wata kujerar tsugunno can gefe. Abin takawar kuma muka kafe shi a jikin faffaɗan katako da ya tokari bango. Ana kiran la'asar muna gamawa.

Bayan salla Yaya ya koma kujera ba tare da kowa ya ce masa ba. Wannan karon wasan nake kallo. Bai jira a faɗo masa ba. Ya samu miƙaƙƙen titi ya ba ta wuta, ya hango wata mota tana rage gudu a gabansa, ya bari sai da ya matso sosai, sannan ya taka da ƙarfin nan nasa. Katakon ya yi ƙara a jikin bango. Motar ta yi kuka ta ja, ta ja, ta tsaya. Ta gaban ta yi tafiyarta. Injin yana ta gurnani, mai share gilashi yana kaiwa da komowa don ya taɓo shi da hannu bai sani ba.

Bai ci gaba ba. Ya zauna yana kallon titin.

"Haka na taka ranar," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Kullum ina tunanin da na sassauta ƙafata, da ba ta kife ba. Da kuma na sassauta, da na bi ta kan mutanen da ke ƙaramar motar. Su biyar ne, har da mace mai goyo. Na gan su."

Anti ta shigo da kwanon abinci ta ajiye kusa da shi, ta tsaya. Can ya kashe motar da kansa, ya jawo kwanon.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba. Ya ci gaba da firgita a barci har bayan damina, kuma akwai makonnin da ko kallon kwamfutar ba ya yi. Amma bayan kamar kwana goma ya kira maigidana ya ce ya samo masa mai adaidaita mai hankali, yana son zuwa Kademi. Tun rasuwar abokin tuƙinsa bai je ya yi wa iyalinsa ta'aziyya da bakinsa ba. Na bi su. Muka sa ƙafarsa a miƙe a kan matashi, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu tun daga ƙofar gida, duk ramin da aka faɗa sai ya runtse ido. Da muka isa, babban ɗan mamacin ya fito ya kama shi ya sauko da shi, suka shiga zaure. Ni aka kai ni cikin gida wajen matan, aka kawo mini ruwa da fura, muka zauna muna jiran su gama.